Jinkar Makarantar Tsallaken Rafi

Matso kusa in ba ka misali, tunda na ji kana cewa kai kaɗai za ka gyara makarantar unguwarku. A zamanin da boko ya fara shiga ƙauyukanmu, makaranta ɗaki ɗaya ce tal, malami ɗaya. Ƙanana na gaba suna zana baƙi da yatsa a kan yashi, manya na baya da allunansu, ƙararrawa kuwa tsohuwar garma ce a rataye jikin bishiyar bedi. Ginin ma hukuma ba ta yi. Hakimi zai aiko ne ya ce duk ƙauyen da ya tanadi ɗaki rufaffe kafin damina ta kankama, shi za a ba malami.

To, saƙon nan ya iso wani ƙauye a tsallaken rafi. Akwai wani manomi a garin, ƙaƙƙarfa, mai zafin nama, ba ya iya jiran kowa, har ana masa laƙabi da Ni-kaɗai. Ya san in malamin ya faɗa ƙauyen hayi, 'ya'yansa ba za su yi karatu ba, don rafin nan in ya kawo ko babba sai ya yi shahada yake shiga. Da aka taru a ƙofar mai gari ana ta ja-in-ja, wannan ya ce boko zai raba yara da gona, wancan ya ce a bari sai baɗi, sai ya kakkaɓe rigarsa ya ce su sha zamansu, shi zai gina. Kuma a gaskiya ya gina. Ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, ya ja bango zagaye, fankacece, wanda zai ɗauke yaran gari duka. Maƙwabta suka ji kunya suka zo da fatanyunsu, ya tare su a bakin fili ya ce, "Ban kira gayya ba." Suka juya. A ransa so yake gobe a ce makarantar wane.

Da bango ya bushe, sai ya haɗa tsaikon jinka a ƙasa kamar yadda ake yi, gora da igiyar rama. Ka san mai hankali in jinka ta yi girma, shuci kaɗan yake sawa, sauran baibayar sai an ɗora. Shi kuwa don a gani a yaba, ya baibaye ta tsaf tun tana ƙasa, ninki kan ninki, har da tukku. Ranar ɗorawa ya sa kafaɗa, shi da ƙannensa biyu, jinka ko gezau. Suka kawo turame suka tokara itace don su cira ta, gora ta fara ƙara, suka bari. Ana haka ruwan farko ya sauka, shuci ya sha ya ƙoshi, nauyi ya ƙaru. Bango tsirara ya fara zaizayewa ta kai, gara kuma ta ji danshi ta kama gindin tsaiko. Sai ga labari wai mutanen hayi sun kusa rufe nasu.

Matarsa ta kawo masa fura, ta tsaya ta dubi jinka a ƙasa, ta dubi bango, ta ce, "Maigida, ko yaran ta ƙasa za su riƙa shiga, kamar kaji a akurki?"

Bai sha furar ba. Ya shiga gida ya ɗauki goro, ya bi gari ƙofa ƙofa, har ya iso wurin sarkin noma, tsohon da ya fara kora ranar nan. Ya durƙusa ya ajiye goro.

"Baba, gayya na zo kira."

"Me ka ce? Ɗaga murya, ɗan nan, kunnen ya tsufa. Wancan karon dai na ji ka sarai."

Ya ɗaga murya ya maimaita, mutanen da ke zaune a dakali suna ƙunshe dariya. Tsoho ya ɓare goro ya ce to yanzu ya ji.

Washegari da hantsi makaɗi ya saki ganga, mata suka ɗora tukwane. Maza suka kewaye jinka, har da masu cewa boko zai lalata yara. Aka yi kabbara aka ɗaga, sai ga abin da ya gagari mutum uku yana tafiya a kan kafaɗu kamar faifai, ya zauna daram a kan bango. Malami ya zo garin. Ranar da aka buga garma, ɗakin ya cika maƙil, domin duk wanda ya sa kafaɗarsa sai da ya turo ɗansa, yana cewa ba zai ɗauki inuwa da wuyansa ɗan wani ya sha shi kaɗai ba. Kuma kowace bazara su ke fitowa su sabunta baibaya ba tare da an roƙe su ba.

Yau wurin bulo ne da kwano, azuzuwa a jere. Sunan manomin ya bi ruwa, ko jikokinsa in ka tambaye su inda suka yi karatu, Makarantar Gayya za su ce maka. Saboda haka kai ma sayi goronka ka bi ƙofofi tun hadari bai haɗu ba. Ƙarfinka ban raina shi ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.