Ranar da Caja Ta Zama Ɗaya

Shekarar da aka kafa doka cewa bakin kowace waya ya zama iri ɗaya, kowa ya yi murna ban da Malam Ilu. Igiyar caji ta rataya a kowane bango, har gindin bishiya da ƙofar masallaci.

A da, shi da Barau mai faci ne kaɗai a unguwar ke da waya mai siririn baki. Cajar Barau ta ƙone, don haka kullum da hantsi sai ya yi sallama a zauren Ilu, su yi ta musu har waya ta cika. Barau ya ce bambancin bakin waya muguntar kamfanoni ce, Ilu ya ce ai kowace ƙwarya da abokiyar burminta. Tun rasuwar matar Ilu, ba mai taka zauren sai shi.

Da aka canza musu wayoyi, Barau ya daina zuwa. Shi kuwa Ilu yana kunyar zuwa wurin mutum ba dalili. Yau dai ya daure ya tafi rumfar Barau.

"Barau, ara min caja. Tawa ta ƙi."

Barau ya yi dariya, yana liƙe taya. "Tsoho, ka ga gaskiyata ko? Yanzu ba mai wahalar da wani. Guda nawa ka wuce a hanya?"

"Haka ne," in ji Ilu.

Ya soka wayar a bangon rumfar, don kada a ce ƙarya ya yi. Kafin ya tuɓe takalmi ya zauna, ta cika.