Billen Duna

Tun da aka kafa dokar hana gardama kan launin jarumai, hoton kowane mamaci yakan ɗauki kamannin wanda ya tsaya a gabansa. Rigima ta kwanta, kowa yana ganin jarumin ɗan'uwansa ne.

Da hantsi Yalwa ta shiga gidan tarihi ganin mahaifinta, matuƙin kwalekwalen da ya tsamo mutanen gari a shekarar babbar ambaliya. Duna ake ce masa saboda tsananin baƙinsa. Ita kuwa hasken mahaifiyarta ta ɗauko.

Ta tsaya gaban allon hotonsa. Daga cikin allon wani farin mutum mai dogon hanci ya yi mata murmushi, kumatunsa sumul.

"'Yar nan," ta ce wa ma'aikaciyar wurin, "ina billen da ke kumatunsa?"

"An cire tsaga, Mama. Wai tana nuna ƙabila."

"To, nuna mini hoton asali."

"Babu shi, har na gidaje an karɓe. In baƙi kike son ganinsa, jira baƙin mutum ya zo, ki tsaya a bayansa."

Yalwa ta zauna a benci ba tare da ta ji komai a ranta ba. Can wajen azahar wani baƙin dattijo ya shigo, ta miƙe ta laɓe a bayansa. Fuskar allon ta yi duhu, amma ba ta Baba ba ce.

Ta shafa kumatunta na dama, inda take zaton billen yake. Sannan ta shafa na hagu.