Shekara Uku da Kwana Ɗaya

Ranar da Baba ya dawo daga jana'izar kakana a ƙauyenmu na Jigawa, ina aji biyu a sakandare, kaina cike da tarihin ƙasar Sin. Kamfanin jimar fatun da yake wa aiki a Challawa na wasu 'yan Sin ne, kuma kwana ɗaya tak suka ba shi. In yana son sadakar uku, sai dai ya haƙura da aikin.

Bayan la'asar na same shi a tsakar gida yana saka takalmin roba, zai shiga aikin yamma. Hannun da ya zuba wa ubansa ƙasa jiya har yanzu warin jima yake yi.

Na ce, "Baba, an koya mana cewa wani babban malamin 'yan Sin na zamanin da, Konfushiyas, ya ce ɗa ya yi shekara uku yana makokin ubansa. Har ma'aikatan sarki ajiye aiki suke yi su koma gida. Ku je ku tuna wa manajanku mana."

"Shekara uku? Lallai malamin nan ya san uba," in ji shi. "Mu ma littafinmu ya hana tauye mudu. Yaushe rabonka da kasuwa?"

Ya tura kekensa ya fita. Aka yi sadakar uku ba da shi ba.

Yau ni ke koyar da wannan darasi. Da Baba ya rasu, makaranta ta ba ni mako guda, sai na ji kunyar yawansa.