Idon Kakarta

Kafintan ya shigo shagon budurwarsa yana murza hula, kamar mai gaisuwar mutuwa. Ta ɗago daga keken ɗinki ta zuba masa idanun nan nata, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan toka. Shi da yake rantsuwa su ke hana shi barci, yau ƙasa yake kallo.

"Inna ta ce in ciwo ne ya mayar da idon naki haka, manya za su zo neman aure. In gado ne, ba ta son jikokin da za a riƙa nunawa." Ya sake murza hular. "Ki ce dutse ne ya same ki kina ƙarama."

"Idon kakata ne, Malam. Likita ya ce lafiyarsa lau."

"Na sani."

Ƙaton banza, ya iya danne katako, amma gaban uwarsa sai rawar baki.

Ta yanke zare da haƙori. "Don ina sonka, zan iya faɗa. Amma ran da jaririnmu ya buɗe ido haka, wane dutse za mu ce ya same shi?"

Ya ci gaba da kallon ƙasa. Ita kuma ta kasa taka keken.