Gobe Ku Zo Tare

"Alhamdulillahi, Hajiya," in ji likitar, tana duban na'urar hoto. "Shimfiɗar mahaifarki ta yi kauri, yanzu ciki zai iya zama. Gobe ku zo tare da maigida."

Shekara da shekaru Hajiya tana jiran wannan magana. Ta sha ƙwayoyi, ta sha allurai, har jininta aka tace aka zuba mata a mahaifa.

"To, likita. Na gode."

Ta hau Keke Napep ta koma unguwar Limawa, ta buɗe gidan da babu kowa. Tun rasuwar mijinta a hanyar Kagara ta kasa daina shan maganin, domin shi ya saba miƙo mata kowace safiya. Ta zauna gefen gadonsa, ta ce, "Malam, an dace."