Katanga ta Huɗu

Shekara shida Ɗan'azumi yana tuƙin taksi a Yamai, bai taɓa tsayawa kallon tsohon gini ba sai ranar da maƙwabciyarsa Iklima ta ce ya zaga da ita tsofaffin unguwanni. Ta gama karatu a jami'ar da ke Lamorde, gobe da safe kar, babbar motar fasinja, zai maida ta Damagaram.

Wuraren da ya sani sun ƙare tun azahar, shi kuwa zuciyarsa ba ta yarda ya maida ta gida ba. Sai ya tsaya gaban wata katangar laka a unguwar Zongo, suka fito, ya gyara murya.

"Wannan ta kai shekara ɗari bakwai. Wani sarki ne ya gina ta."

"Wane sarki?"

Ya dubi katangar, idonsa ya zame kan lallen hannunta. "Sunan zai dawo mini. Akwai wata ma a gaba."

"Malam Ɗan'azumi, ka manta tarihi na karanta? Wannan ce katanga ta huɗu, ta ɗazu kuwa bayan gidan mai wanki ce."

Ɗan'azumi ya murza makullin mota a hannunsa.

"To me ya hana ki tsayar da ni?"

Ta sunkuyar da kai. "Jira nake ƙaryar ta ƙare, ko gaskiya za ta samu hanya."

Ya dubi ƙasa. "Damagaram da nisa, Iklima."

"Wuni ɗaya ne a kar. Kuma Baba ba ya fita bayan la'asar."

Ita da tun safe take zaune a baya, sai ta buɗe ƙofar gaba.