Na'urar Ƙirga Ambato Ba Ta San Zagi Ba

Ajiye wayar nan, Dakta Ɗahiru. Tun da muka zauna kake leƙa lissafin ambaton abokin aikinka kana jan tsaki, kamar tsakin ne zai rage masa lamba. Bari in ba ka wani misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wasu masana biyu a wata jami'a, namiji da mace, bango ɗaya ya raba ɗakunan gwaje-gwajensu. Dukansu a kan sankarar mama suke aiki, suna bin ƙwayoyin halitta don su gano inda cutar take samo tushe. Shi farfesa ne, ya riga ta shiga aiki da shekara tara, maƙalunsa sun haura arba'in. Ka kuwa san yadda ake awo a sana'ar nan tamu: ba mai tambayar gumin da ka zubar, sai dai sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a nasu rubutun. A wannan ma'auni ya yi mata fintinkau. Ita kuwa shekara huɗu ta kwashe a kan abu ɗaya, tana karɓo tsokar ƙari daga asibiti, ta yanka siriri, ta duba a madubin ƙara girman abu, har ta lura da wani canji a ƙwayar halitta wanda take zaton shi ke hana magani ci a jikin wasu matan. Ta rubuta maƙala guda mai shafi shida, wata ƙaramar mujalla ta buga. Shekara ta zagayo, sau uku kacal aka ambace ta, ɗaya ma ita ce ta ambaci kanta. Da ya ƙyale ta, da maƙalar nan ta mutu murus ba wanda ya san an haife ta.

Amma ina, bai iya ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne irin tsokar nan ta sha ratsa hannunsa shekara da shekaru, bai ga abin da ta gani ba. Hassada ta kama shi, irin wadda take hana mutum jin ɗanɗanon miya. In sun haɗu a baranda da ƙyar yake amsa gaisuwarta. Ana haka aka ba da sanarwar cewa nan da shekara uku za a buɗe cibiyar binciken sankara, kuma a cikinsu biyu za a zaɓi shugaba. Da kansa ya miƙe a taron majalisar jami'a ya ce kada a duba fuska, kada a duba furfura, a ba wanda lissafin ambatonsa ya fi yawa. Kowa ya amince. Ko a nan ya tsaya, kujera tasa ce ba tantama, sai dai shi so yake ya ga bayan shafi shidan nan tukuna. Ya tura nasa binciken gefe, ya zauna ya rubuta raddi. A ƙa'idarmu kuwa ba ka sukar aiki sai ka ambace shi, da suna da shekara da lambar shafi, don haka ya ambata. Ya sake rubuta wani, ya kuma sakewa. Masu neman digirin digirgir a ƙarƙashinsa su bakwai ne, babu wanda yake sa wa hannu sai ya ga sakin layi na sukar matar nan a kundinsa. Taro a Ikko, taro a Alƙahira, duk inda aka ba shi minti ashirin sai ya haska sunanta a bango da manyan baƙaƙe. Masanan da ko sunan mujallar ba su taɓa ji ba suka fara tambayar juna, wace ce wannan da ta hana dattijo sakat? Suka nemo suka karanta. Wasu ma don su taya shi faɗa suka maimaita gwajin, sai ga shi sun ga abin da ta gani. Wanda ya yarda ya ambace ta, wanda bai yarda ba ya ambace ta. Ita dai ba ta taɓa tanka masa ba. Ba wai waliyya ce ba, ta sha rufe ofis ta yi kukanta, amma in ta share hawaye sai ta koma kan madubinta, har ta ƙara maƙala biyu.

Ranar awo kwamiti ya zauna, magatakarda ya buɗe kwamfuta. Ita na'urar ba ta san yabo ba, ba ta san zagi ba, ƙirga kawai aka koya mata. Nasa lissafin yana nan kusan inda ya bar shi, ɗari huɗu da 'yan kai. Nata ya haura ɗari shida. Ya zabura ya ce a tace, a cire duk ambaton da na suka ne. Shugaban kwamiti ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Farfesa, ai ƙa'idar taka ce, ko wasali ba mu ƙara mata ba." Sai ya ce to a nuna masa su wane ne suka ambace ta, don ya tabbata dangi ne da abokan arziki suka haɗa baki. Magatakarda ya jero su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, a gaban kowa. Sunansa ne a sama, sau goma sha tara, ɗalibansa bakwai na biye da shi. Aka miƙa mata makullan cibiya, shi kuma ya koma yana neman izininta kafin ya yi amfani da sabbin na'urori.

To Dakta, na ji an ce kai ma ka fara rubuta raddi. Kafin ka aika wa mujalla, ka tuna Hausawa ba da wasa suka ce hassada ga mai rabo taki ce ba.